Ƙyauren katako ya fi “ki sa masa ido” amfani

Idan yaro ya fara rarrafe, kalmar da aka fi ji a gidajenmu ita ce “ki sa masa ido”. Sau da yawa wadda ake faɗa wa ƴar shekara bakwai ce, wadda ya kamata a ce tana lakwal. Mu malamai mun san su: su ne masu makara, su ne masu fashi. Ga shi kuma ido yana gajiya, uwa na daka ko girki, ƴar raino wasa ya ɗauke mata hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara. A cikin haɗurran da ba na ganganci ba, haɗarin hanya kaɗai ya fi ta kisa. Wani zai ce ai a Ibohamane benaye ba su da yawa, wannan damuwar mutanen Tahoua da Yamai ce. To, amma muna da matakalar hawa soro, da tsanin rumbu, da dakali mai tsayi. Ga mai rarrafe, duk bene ne.

A Turai shingen matakala sayensa ake yi a kanti. Mu ba sai mun jira na kanti ba. Kafinta ko mai walda na Keita zai haɗa shi da ragowar katako ko ƙarfe, in dai an gaya masa abin da ake so.

Tsayin ƙyauren ya kai santimita 75. Sandunan su tsaya a tsaye, domin waɗanda aka gicciye tsani ne aka yi wa yaro. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6, kamar faɗin yatsu uku na babba, don kada jiki ya shige kai ya maƙale. A kafe shi sosai a bango, kada a jingine shi kawai, musamman a saman matakala. Kada ya buɗe ta wajen gangara. Sakata kuma a sa ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Tsani kuwa ba ya buƙatar ko dala: a kwantar da shi da zarar an sauko.

Na san akwai masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mutumin da ke faɗin haka shi ne ke kewaye garkarsa ta albasa da ƙaya don awaki, ya kuma kulle rumbunsa. Ashe ɗansa bai kai albasa daraja ba?

Ƙyaure ba ya maye gurbin uwa, kuma da yaro ya kai shekara biyu zai fara koyon haurawa. Amma a watannin da suka fi haɗari yana tsare ƙarami, ya saki yayarsa ta tafi aji. Kwamitocin iyayen yara su sa wannan batu a taronsu na gaba, maigida kuma ya leƙa wurin kafinta ranar kasuwa.