Zafin Rijiya Shi Ne Alƙali

Mutane da yawa suna tsammani man fetur kwance ya ke a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki, sai a zura bututu a yi ta zuƙa. Ba haka ba ne. Man yana maƙale ne cikin 'yan ƙofofin dutse, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso. Idan rijiya ta tsufa, ƙarfinta ya ragu, sai ma'aikata su riƙa tura ruwa ta wata rijiya don ya koro man zuwa wata. To, amma shi ruwa ba ya son wahala. In ya sami tsaga, sai ya bi nan ya wuce abinsa, ya bar man a baya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa abin da a ke iya fitarwa daga yawancin filayen mai bai cika wuce sulusi ba.

Dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce a toshe wa ruwan nan ɓarauniyar hanya. Akwai wani sinadari, foliyakirilamaid, daga cikin dangin da a ke kira folima, watau masu ƙwayoyi dogaye kamar zare. A kan dama shi da ruwa, a zuba masa abin da zai ɗaure zaren da juna, misali kuromiyam, sa'an nan a tura shi rijiya tun yana ruwa-ruwa. Can ƙasa sai ya kafe kamar agidi, ya cika tsagar, ruwa ya koma bin inda man ya ke. Sunansa haidirojel. Kamfanin Marathon na Amurka ya yi suna da irin mai kuromiyam ɗin nan tun shekarun 1980.

Babban abokin gābansa shi ne zafi. Kowace kilomita a ka nutsa cikin ƙasa, zafi ya kan ƙaru da misalin digiri 25 zuwa 30, har rijiya mai zurfin kilomita 3 ta kan kai zafin tafasasshen ruwa. Zafin nan ya kan sāke halin zaren sannu a hankali, ya sa ya riƙa kama kalsiyam da magnisiyam na ruwan gishirin da ke cikin dutsen. Daga nan sai jel ɗin ya tsuke, ya amayar da ruwansa, kamar kindirmon da ya tsinke. In kuwa iskar oksijin ta shiga tare da ɗan burbushin ƙarfe, sai su yi ta gutsuttsura zaren. Tsagar da a ka toshe ta sāke buɗewa, kuɗin da a ka kashe ya bi ruwa. Binciken da Moradi-Araghi da Doe suka buga a 1987 ya nuna cewa a ruwa mai yawan kalsiyam da magnisiyam, ba a dogara da foliyakirilamaid in zafi ya wuce digiri 75.

A nan ne mu ke so masu riƙe da dukiyar jama'a su buɗe ido. Dillali zai zo da labarin filin Daqing na ƙasar Sin, wanda a ka gano a 1959, a ka kuma shiga tura masa ruwan folima gadan-gadan daga 1996, a ka ci riba mai yawa. Gaskiya ne. Amma zafin dutsen Daqing misalin digiri 45 ne kurum, ruwansa kuma ba shi da gishiri ƙwarai. A wasu filayen ƙasashen Larabawa kuwa zafi ya haye digiri 100, gishirin ruwan ya ninka na teku sau biyar. Don irin waɗannan ne a ka ƙago folima masu haɗin ATBS da NVP, da maɗauri irin su foli'etilinimin, waɗanda suka fi jimiri, suka kuma fi tsada. Ashe maganin da ya warkar da wani ba lalle ne ya warkar da kai ba.

Mu ma abin ya shafe mu. Tun 1956 a ka sami mai a Oloibiri, a ka fara fitar da shi waje a 1958, yau kuwa rijiyoyi da yawa a Neja Delta sun tsufa, ruwa ya yi musu yawa. Raba ruwan nan da mai, da tsabtace shi, da zubar da shi inda ba zai cuci gonaki da masunta ba, duk kuɗi ne. Saboda haka dole a bukaci dabarar nan, masu tallanta kuma ba za su yi wuyar samu ba.

Shawararmu ita ce kada a sayi ko buhu ɗaya sai an gwada. A ɗebo ruwan ita rijiyar da za a yi wa magani, a haɗa jel ɗin da shi, a rufe cikin kwalabe ba iska, a ajiye a tanda mai zafi daidai da na ƙasan rijiyar. A bar shi watanni, ba kwana bakwai ba, gama ɓarnar zafi ba ta bayyana da wuri. Sa'an nan a tura shi cikin gutsuren dutsen rijiyar a ga ko zai riƙe. Ya kamata hukumar NUPRC ta nemi ganin sakamakon kafin ta yarda a fara aiki, asusun PTDF kuma ya tanadar wa jami'o'inmu da makarantar koyon aikin mai ta Effurun kayan gwajin, don 'ya'yanmu su zama su ne masu yanke hukunci, ba mai sayarwa ba.

Masu iya magana sun ce, sai an gwada a kan san na ƙwarai. Kuɗin tanda da kwalabe bai kai na gyaran rijiya guda da a ka yi asararsa ba. Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da shi, amin.