Tsintsiyar Kasuwa Ba Aikin Hannu Ba Ce

A takarda, duk yaron da ke firamare ko ƙaramar sakandare a Najeriya yana da darasin al'adu da fasaha, wanda malamai ke kira CCA. Tun 2008 yake cikin manhajar shekara tara da hukumar NERDC ta tsara, an haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da aikin hannu a ciki. Wanda ke son ganin yadda takarda ke shara ƙarya, ya leƙa ajin ƙauye a Makoɗa ko Bagwai ko Gabasawa ranar da darasin ya faɗo.

Malam zai cika allo da Turanci: ma'anar launi, ire-iren launi, launukan asali guda uku. Yara na zaune a ƙasa, littafi a kan gwiwa, suna kwafa. Ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, duka da farin alli aka rubuta su, da biro ɗaya aka kwafe su. Zango zai ƙare ba wanda launi ya taɓa wa yatsa. Sai dab da jarrabawa a ce kowa ya kawo aikin hannu, ma'ana uwa ta sayo tsintsiya a kasuwa, ko ta ba da kuɗinta a kai wa malam, a rubuta maki. Na ga yarinyar da ta kawo faifan da ta ɗinka da kanta, da kaba mai rinin ja da kore, zagaye yana bin zagaye ba inda ya karkace. Malam ya juya shi sau ɗaya, ya miƙa mata, ya ce ai tsintsiya ya ce a kawo.

Wannan cuta ce, kuma da sunan ilimi ake yin ta. Yaro ɗan shekara takwas ya koyi cewa maki sayen sa ake yi, kuma abin da hannunsa ya yi bai kai na kasuwa daraja ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda ake yin wannan. Ƙasarmu ta arewacin Kano a cike take maƙil, gona na jingine da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu. Rabon gado ya yayyanka gonar kaka har ta koma 'yar gayauna, damina kuma wata huɗu ce in ta yi kyau. Ba a taɓa yin zamanin da gero da dawa kaɗai suka riƙe gidajen nan ba, sana'ar rani ce ke cike giɓin. An san Minjibir da saƙa, an san Dawakin Tofa da tukwane. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Turabulus. Masaƙin da ke zaɓar inda jan zare zai ratsa baƙi, da maginin da ke zana dagi a goshin soro, da maginiyar da ke yi wa randa ado kafin ta shiga wuta, me suke yi in ba fasaha ba? Ko Ɗan Hausa, Hanns Vischer, da ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, sai da ya ware sashen sana'o'in hannu. Baturen mulkin mallaka ya gane abin da masu digirinmu suka kasa ganewa.

Yau shiga Kantin Kwari. Atamfa daga Sin, shadda daga Ostiriya. Kowane fure da ke jikin zanen amaryarmu, wani ne ya zauna a wata ƙasa ya zana, aka biya shi, mu kuma muka biya wanda ya biya shi. Samarinmu da suka gama sakandare suna bakin titi da babur, ko sun tafi ci-rani Legas.

Na san amsoshin da ake bayarwa. Ta farko, wai zane haramun ne. Saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake, kuma an ruwaito cewa Ibnu Abbas ya nusar da wani mai sana'ar zane ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wa yake zayyana allon sauka da ja da kore da ruwan ɗorawa? Alaramma ne. Wa yake fitar da aska takwas da tawada a jikin riga kafin mai ɗinki ya sa allura? A da, sau da yawa malamin allo ne. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizon da masana gine-gine suka sha zuwa kallo, zamanin ɗaliban Shehu ya yi aikinsa, ba wanda ya ce ya yi saɓo. A daina fakewa da addini don a ɓoye lalaci.

Ta biyu, wai kimiyya muke so, likitoci da injiniyoyi. Ni ma ina so. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka kafa a 1977 sun yi wa Kano rana, ba mai musu. Amma ɗalibin da bai taɓa zama ya ƙura wa ganyen kuka ido ya zana jijiyoyinsa ba, yaya zai zana abin da ya gani a madubin ɗakin gwaji? Zane koyon kallo ne, da auna tsawo da ido, da haƙurin gogewa a sake. Yarinyar da ke ɗinkin hula tana ƙirga zare, tana raba fili daidai wa daida, tana juya siffa ta maimaita ta. Lissafi take yi tsagwaronsa, amma a aji an rubuta mata daƙiƙiya don ta kasa haddace ma'anar launi da Turanci. Irin waɗannan yaran su ne ke fara guje wa makaranta, tunda babu sa'a ɗaya a mako da ake yabon abin da suka iya.

A Zariya, nan kusa da mu, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suka zama sanannu a duniya. Daga Kudu suka zo suka ɗiba. Ladi Kwali kuwa, maginiyar tukwane da ba ta yi boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta na bayan naira ashirin. Tambayi 'yan aji shida ko wace ce, ka ji shiru.

Ta uku ita ce ta fi ban haushi: wai babu kuɗin kayan aiki. Yumɓu na bakin kududdufi. Kaba da karan dawa da gawayi da jar ƙasa da farar ƙasa da lalle, wanne ne sai an yi odarsa daga waje? Yaran nan da kansu suke ƙera motar kara mai ƙofa da taya da rani, ba malami ba maki. Wai kuma babu ƙwararrun malamai, alhali maginiya da masaƙi da maƙeri da dukawa suna bayan katangar makarantar, ba wanda ya taɓa gayyatar su don ba su da takardar NCE.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Gyaran ajujuwa da kujeru, madalla, muna so. Amma abin da nake nema bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba. Hukumar SUBEB ta fitar da takarda zuwa ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, ta haramta karɓar kuɗi ko kayan saye a matsayin aikin hannu, ta ce a gaban malam za a yi shi, a harabar makaranta. Kowace firamare ta ɗauki mai sana'a ɗaya daga garin, mace ko namiji, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Kuma a biya shi hakkinsa a ƙarshen wata, kada a sallame shi da "Allah ya saka da alheri, Baba."