Kafin a Kafa Allon Sashe, a Nemo Malami: Babura da Ilimin Motsin Jiki

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, tare da takwararta a Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom, da jami'o'in kimiyyar lafiya biyu a Azare da Ila-Orangun. An ware wa kowace jami'ar fasaha naira biliyan 4 daga asusun TETFund domin soma aiki. Ga mutanen Roni da Gwiwa da Kazaure, waɗanda suka daɗe da sanin Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a matsayin babbar makarantarsu, wannan jami'a dama ce ta samun digirin injiniya ba tare da yin nisa da gida ba.

Sabuwar jami'a takan fara da gini, domin gini ake gani, shi ake yanka wa kirtani ranar buɗewa. Amma abin da zai bambanta Babura da sauran jami'o'i nan da shekara ashirin shi ne irin malaman da ta ɗauka a shekarunta na farko. Akwai kuma wani fanni da ya cancanci ta fara farautar malamansa tun yanzu, tun kafin ta yi tunanin buɗe karatun digiri na biyu da na uku a injiniyancin kiwon lafiya. Sunansa bayomakaniks.

Mene ne wannan ilimi?

Bayomakaniks ilimi ne na yadda jiki ke motsi da yadda yake ɗaukar nauyi. Yana duban ƙashi da tsoka da gaɓa da idon injiniya: wane ƙarfi ne ke sauka a kansu, ta wace fuska, kuma a ina suke karaya. Tsohon ilimi ne. A 1680 aka fara buga littafin Giovanni Borelli na Italiya kan motsin dabbobi, inda ya lissafa aikin gaɓoɓi da dokokin ɗaga nauyi. A 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sauya ƙirarsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Awon da aka yi a jikin marasa lafiya ya nuna cewa a tafiya ta yau da kullum, gaɓar ƙugu tana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin mutum. Duk wanda zai ƙera ƙafar roba, ko ƙarfen ɗaure karaya, ko gwiwar wucin gadi, ko keken masu buƙata ta musamman, daga irin wannan lissafi yake farawa.

Me ya haɗa shi da Roni?

Jikin manomin Roni yana aikin da littattafan Turai ba su auna ba. Yana wuni a sunkuye da fartanya. Matarsa tana ɗauko ruwa a ka, tana daka, tana goyo. Dukansu suna tsuguno, suna zama a tabarma, suna durƙusawa a salla sau da yawa kowace rana, a zaman da ke lanƙwasa gwiwa fiye da yadda akasarin gwiwoyin wucin gadi ke iya kaiwa. Kayan da aka ƙera domin mai zama a kujera yana sanye da takalmi ba lalle su yi wa irin wannan rayuwa daidai ba.

Indiya ta fuskanci wannan matsala. A 1968, a birnin Jaipur, likitan ƙashi P. K. Sethi da wani mai sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka lura cewa talakawa suna ajiye ƙafafun robar ƙirar Turai, saboda ba a iya tsuguno da su, ba a iya tafiya da su babu takalmi, ba a iya shiga gona mai laka. Suka ƙera ƙafar da ta amsa waɗannan buƙatu da roba da katako masu araha. A yau ƙafar Jaipur ta bazu a ƙasashe da dama. A nahiyar Afirka ma, wani bincike da mujallar Nature ta buga a 1986 ya gano cewa matan Luo da Kikuyu na Kenya suna ɗaukar kaya a ka har kashi 20 cikin ɗari na nauyinsu ba tare da ƙarin kuzarin da ake iya aunawa ba. Abin da ake yi kullum a hanyar rijiya ya zama darasi ga masanan duniya.

Buƙatar kuwa a bayyane take. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, gaɓoɓinsu na ƙara gajiya da shekaru. Amosanin jini yakan kashe kan ƙashin cinya a jikin matasa. Haɗarin babur yana karya ƙafa, ɗaurin da ya yi tsanani a hannun wasu masu ɗori yakan sa gaɓa ta ruɓe, ciwon sukari yana jawo yanke ƙafa. Da yawa daga cikin waɗannan mutane hanyar Kano suke bi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959. Likita zai yi tiyata, amma abin da za a dasa ko a ɗaura, injiniya ne ke ƙera shi.

Inda gizo ke saƙar

Malaman wannan fanni kaɗan ne. Jami'o'in da suka yi gaba a injiniyancin kiwon lafiya, irin su ta Fasaha da ke Owerri, da Ilorin, da Legas, da Ibadan, duk suna nesa da Jigawa. Wanda ya yi digirin digirgir a fannin, kamfanonin kayan asibiti da jami'o'in ƙetare suna nemansa. Shi kuma ya ga yajin aikin wata takwas da ASUU ta yi a 2022, ya san abin da albashin malamin jami'a ke iya saya a kasuwa. Talla a jarida ba za ta kawo shi Babura ba.

A irin wannan hali jami'o'i kan bi gajeriyar hanya. A ɗauko malamin kanikanci daga nan, malamin ilimin halittu daga can, a aro sunayen farfesoshi biyu domin ranar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da COREN za su zo tantancewa, a kafa allo. Digirin farko yana iya daurewa da haka na ɗan lokaci. Digiri na biyu da na uku ba sa daurewa, domin su koyon sana'a ne a hannun gwani. Ɗalibin da mai duba aikinsa bai taɓa auna takun mutum ba zai fita da takarda, ya koma aji ya koyar da abin da bai iya ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ɗauki malamai a ƙungiyance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma masani guda da aka ajiye shi kaɗai ba ya daɗewa. Ana buƙatar babba ɗaya mai jagoranci, da matasa biyu ko uku, da ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, wanda sau da yawa shi ake mantawa. A 1966 Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta ɗauko Y. C. Fung, injiniyan jiragen sama, tare da abokan aikinsa suka kafa shirin da ya zama abin koyi a duniya. Mutanen aka fara samu, sashen ya biyo baya.

Na biyu, a saka kayan aiki cikin tayin. Masani zai tambayi faifan awon ƙarfin taku, da kyamarorin ɗaukar motsi, da injin gwada ƙarfin kaya, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji. Zai kuma tambayi gida da makarantar 'ya'yansa.

Na uku, a ƙulla yarjejeniya da Asibitin Dala da sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero, ta yadda malami zai zama na aji da na asibiti a lokaci guda. A jawo masu walda da maƙera da ke haɗa kekunan hannu a Kano da Kazaure cikin bita, domin rabin ƙafar Jaipur daga hannun mai sana'a ta fito.

Na huɗu, a reni na gida. A zaɓo haziƙan matasa daga injiniyan kanikanci, a tura su ƙaro ilimi da sharaɗin dawowa, a tanadar musu abin da za su tarar. 'Yan Najeriya da ke koyarwa a ƙetare suna iya duba ayyukansu ta intanet, su zo hutun nazari.

Wani zai ce yankin da ke neman ungozoma da malaman jinya bai kai ga wannan ba. Maganar tana da nauyi, kuma ba a ce a rage wa asibitin karkara ko sisi ba. Sai dai horar da ma'aikatan jinya aikin wasu makarantu ne. Jami'ar fasaha, idan ta maimaita kwasa-kwasan da Kano da Zariya suka shekara hamsin suna yi, a bayansu za ta tsaya har abada. Tsarin manhaja da Hukumar Jami'o'i ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da muhallinta. A 2025 kuma gwamnati ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har shekara bakwai, wato lokaci ne na ƙarfafa waɗanda ake da su.

Renon malami ɗaya daga digirin farko zuwa digirgir yakan ci shekara shida zuwa takwas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ana son yaron da ke aji ɗaya a sakandaren Roni yau ya tarar da wanda zai koya masa ƙera ƙafar da kawunsa zai yi noma da salla da ita, a kasafin kuɗin jami'a na bana ya kamata a ga gurbin wannan malami.