Manhajar gano galahanga: mu yi maraba da ita, amma a gwada ta kan yaranmu

'Yan uwa, daga Hausari zuwa Gwange da Bulumkutu, kusan kowannenmu ya san wani yaro da ya kai shekara uku bai fara magana ba, a kira sunansa ba ya waiwayowa, ya wuni yana juya abu guda. Mu kan ce iska ce, ko mu ce "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba". Wani lokaci kuwa galahanga ce, kuma shekarun farko, lokacin da horo ya fi amfani, su ne ke wucewa muna jira.

Shi ya sa aikin Jami'ar Duke ta Amurka ya ja hankalinmu. A 2023 masananta suka wallafa sakamakon wata manhaja, SenseToKnow, wadda ke nuna wa yaro gajerun bidiyo yayin da kyamara ke lura da inda yake kallo, ƙiftawar idonsa, motsin kansa, da yadda yake amsa sunansa. An gwada ta kan yara 475 'yan wata 17 zuwa 36, ta gano kusan 88 cikin 100 na masu lalurar. A garin da likitocin yara ba su wadata ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai irin wannan na'ura daga misalai take koyo, kuma yaran Amurka aka nuna mata. Ba ta san yaron da ke jin Hausa wajen uwa, Kanuri wajen kaka, Larabcin Shuwa a maƙwabta ba. Ba ta san wanda aka haifa a sansanin gudun hijira, firgici da yunwa suka sa shi shiru ba, balle wanda sanƙarau ya taɓa masa ji. Idan ta yi kuskure, uwa ce za ta kwana da kuka, kuma mun san yadda bakin mutane yake.

Roƙonmu ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke titin Baga shi ne, duk ranar da aka kawo irin wannan manhaja, su fara gwada ta kan yaranmu da yardar iyaye, kuma hukunci ya zauna a hannun likita. A kuma tanadi masu koyar da magana, domin gano lalura ba tare da wurin zuwa ba ƙarin damuwa ne.

Kafin nan, wanda ɗansa ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ba ya amsa suna, ya kai shi asibiti a fara duba kunnensa.