Mai a Ƙafa Yake, Ba a Hannu Ba: Raddi ga Fatawar Canza Giya da Hannu

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kowane mai mota ya zama mufti a babin tattalin mai. Cikin fatawoyin da suka samu karɓuwa akwai wadda wani dattijo a majalisarmu yake karantarwa, mutumin da ya shafe shekaru yana jan Peugeot 504 tsakanin Kano da Legas kafin ya huta ya sayi Camry. Fatawarsa ita ce, duk mai motar otomatik da ke son tankinsa ya yi auki, ya ture sandar giya daga D zuwa gefen da aka rubuta S ko M, ya riƙa ƙara lamba da rage ta da hannunsa. Ya kafa hujjoji biyar, kuma matasa sun ɗauka sun baza.

Ba na ja da Malam a fagen tuƙi, don ya riƙe sitiyari tun kafin a yaye ni. Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Zan kawo hujjojin kamar yadda ya faɗe su, in ba kowace haƙƙinta, sannan in nuna inda ta karye.

Hujja ta farko: ƙiyasi da motar manuwal

Malam ya ce kowa ya san motar manuwal ta fi otomatik tattalin mai. To idan ka mai da otomatik ɗinka manuwal, ai ka samu ribar.

Wannan shi ne abin da malamai ke kira ƙiyasi tare da bambanci. Mu tambaya tukun: me ya sa manuwal ta fi a da? Dalilai biyu ne. Na ɗaya, a wurin kuloci, otomatik tana da wata rufaffiyar ƙwarya cike da man giya, wadda makanikai ke kira kwanbata. A cikinta akwai abu kamar fanka biyu suna fuskantar juna: inji ya juya ɗaya, ita ta watsa mai, man ya juya ɗayar. Tsakaninsu kuwa akwai sulɓi, kuma ƙarfin da ya sulɓe zafi yake komawa, wato fetur ne ya tafi a banza. Na biyu, otomatik ɗin zamanin 504 lamba uku gare ta, alhali manuwal tana da huɗu, daga baya biyar.

To, Allah ya gafarta Malam, wanne daga cikin biyun nan ne ture sanda zuwa M yake gyarawa? Kwanbata tana nan inda take, ba ta rikiɗe ta zama kuloci ba. Lambobin ma ba su ƙaru ba. Sandar nan kuma ba ta taɓa haƙorin giya ko ɗaya. Makunni ce kawai da ke aika roƙo ga kwamfutar mota, wadda ake kira birenbos a gareji, ita kuma ta ga dama ta amsa, ta ga dama ta ƙi.

Sannan dalilan biyun ma zamani ya cinye su. Bayan rikicin man fetur na 1973, kamfanoni sun dukufa neman maganin sulɓin, har Chrysler ta sa wa kwanbatarta kulocin kullewa a 1978, wanda ke haɗe fankokin biyu su zama abu guda da zarar mota ta miƙe hanya. Yau kusan kowace otomatik tana da shi. Lambobi kuma sun yawaita: Mercedes ta fito da mai bakwai a 2003, Lexus ta fito da mai takwas a 2006. Ƙa'ida ce sananniya cewa hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa; dalili ya gushe, hukunci ya bi shi. Maganar Malam cewa manuwal ta fi otomatik ta inganta a zamaninta, amma an shafe ta.

Akwai ma motocin da ƙiyasin ya juya da baya a kansu. Corolla ɗin Amurka daga 2014, da Accord mai silinda huɗu daga 2013, da Altima tun 2007, yawancinsu giyar CVT gare su: bel na ƙarfe tsakanin kura biyu masu buɗewa da tsukewa, babu lamba ɗaya babu lamba biyu. Duk alfanun wannan giyar shi ne tana iya ajiye inji daidai inda ya fi cin moriyar mai. Lambobin da kake gani a M a irin waɗannan motoci matakala ce ta kwaikwayo da aka zana don daɗin direba. Wanda ya zaɓe su ya ɗaure wa giyar ƙafa da kansa.

Hujja ta biyu: saurin hawa lamba ta sama

Malam ya ce inji yana shan mai ne gwargwadon ihunsa. Da hannu kana iya kai mota lamba biyar tun tana tafiyar kilomita 50, allurar juyin inji ta kwanta ƙasa.

Rabin maganar gaskiya ne, kuma na sallama masa shi. Inji mai juyi a hankali ya fi ƙarancin gogayya, kuma ba ya wahalar zuƙo iska ta maƙogwaron da totur ya shaƙe. Amma wa ya gaya wa Malam cewa D ba ta san haka ba? Motocin nan da muke kira 'yan Kwatano, kafin a sayar da su sababbi a Amurka ko Turai sai da hukuma ta auna shan mansu, aka manna sakamakon, kuma a D aka yi awon. Saboda haka injiniyoyi sun riga sun horar da D ta ruga lamba ta sama da zarar ka sassauta ƙafa. Duk wanda yake shakka ya taka totur a hankali ya sa ido ga allura, zai ga tana canzawa tun kafin ta yi nisa da 2,000.

Idan kuwa ka nemi ka riga ta, ɗayan biyu ne. Ko dai kwamfutar ta ƙi roƙonka, ta yi maka ɗan kuka ko lambar ta yi ƙyaftawa. Ko kuma ta karɓa, injin ya shiga nishi da kakkarwa, motar ta ƙi ja, kai kuma ka ƙara nutsa ƙafa ba ka sani ba. Daga nan ɓarnar take. Idan totur ya kusa ƙasa, kwamfuta takan ƙara yawan mai a kan iska don ta kare injin daga zafi. Idan injin ya fara ƙwanƙwasa, musamman da fetur maras inganci, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi, ƙarfin da kowace lita ke bayarwa ya ragu. An gudu ba a tsira ba.

Ga kuma abin da ya shafi motar Malam ita kanta. A Camry da danginta masu lamba shida, S ba ta nufin ka zaɓi lambar da mota za ta zauna a kai. Iyaka kake sa mata. Da ka ture sandar, yawanci 4 take nunawa, ma'ana motar za ta ci gaba da canza wa kanta daga ɗaya zuwa huɗu, amma ka haramta mata biyar da shida. A wannan giyabos, lamba huɗu juyi ɗaya ne da ɗaya, lamba shida kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na haka. Ke nan gudun da inji zai yi da juyi 2,000 a lamba shida, a huɗu sai ya haura 3,200. Almajiran Malam nawa ne suka taso daga Kano suka isa Zariya a S4, suna murna suna tattali?

Hujja ta uku: direba yana gani, kwamfuta makauniya ce

Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Direba yana hango danja ta yi ja, yana hango gosulo, yana hango tudun rage gudu. Kwamfutar tsohuwar Camry ba ta hango komai.

Amma hangen nan, da wace gaɓa ake cin ribarsa? Da ƙafa. Wanda ya hango danja daga nesa ya ɗaga ƙafarsa, ya bar motar ta gangara da ƙarfin da ta riga ta tara, ya ci riba ko a D yake. Wanda ya taho da gudu har gindin danja ya danna birki, ya mai da fetur ɗinsa zafi a jikin birkin, ko da sau goma ya taɓa sanda a hanya. Kuma makantar ma ba cikakkiya ba ce. Kwamfutar tana jin zurfin totur, da gudun taya, da zafin inji da na man giya, da nauyin da ake ja, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Daga nan take gane hawa da gangara. Honda ta daɗe da sa wa motocinta wannan dabara tun shekarun 1990. Direba kuma yana da waya a aljihu da fasinja mai surutu, kuma yakan manta motar a lamba uku.

Hujja ta huɗu: na gwada da kaina

Malam ya ce ya je Kaduna a M, ya tarar allurar mai ba ta faɗi kamar yadda ta saba ba, kuma gani ya kori ji.

Ban ƙaryata abin da ya gani ba. Fassarar ce nake ja da ita. Ranar da mutum ya fito da niyyar gwajin tattali, ranar ce yake tuƙi kamar yana ɗauke da ƙwai. Ba ya fizga, ba ya tseren wuce tirela, ba ya kai malejin da ya saba. Turjiyar iska kuwa ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: daga kilomita 100 zuwa 120 a awa, sai ta ƙaru da kashi 44 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya gani a tafiyar kilomita 230 da 'yan kai. Ƙara da esi, ko an kunna ko ba a kunna ba, da iskar taya, da lodin but, da iskar hunturu ko tana tura ka ko tana tare ka. Sannan allurar tanki ba shaidar da alƙali zai karɓa ba ce: kowa ya san takan daɗe a sama, ta zo rabi ta zube. Malam ya canza abu biyar a tafiya ɗaya, ya ba abu ɗaya lada.

Hujja ta biyar: firi a gangara

A nan fatawar ta tashi daga kuskure ta koma haɗari. Malam ya ce mai hannu a kan sanda yana iya jefa motar a firi duk inda ya samu gangara, inji ya yi sulo, mai ya huta.

A zamanin kafireto akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don kafireto yana tsiyayar da mai muddin iska na wucewa. Motar injekta ba haka take ba. Idan kana cikin giya, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, injin kuma yana juyi sama da wani mizani, kwamfuta takan yanke wa nozul mai ƙaf, tayoyi ne ke juya injin. Da ka sa firi, ka raba su, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Gaskiya ne wasu sababbin motoci sukan saki giya da kansu a shimfiɗaɗɗiyar hanya don su yi nisa da gangarawa, amma sukan mayar da ita da ka taɓa birki. A gangara mai tsanani, inda dole ka rage gudu, firi ba ta ba ka komai sai asara biyu: mai yana ƙonewa, birki yana gasuwa. Duk direban da ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san abin da ke faruwa idan birki ya yi zafi ya daina kamawa. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Abin mamaki, nan ne ainihin wurin da M take da amfani, amma ta fuskar da Malam bai nufa ba. A saukar Hawan Kibo ka rage zuwa uku ko biyu, injin ya riƙe motar, birki ya huta. A hawa da lodi, idan giya ta shiga kai-komo tsakanin lambobi biyu, ka tsayar da ita a ɗaya. A yashi ko taɓo, da lokacin wuce doguwar tirela, haka. Asalin abin ma daga nan ya fito: Porsche ce ta yaɗa shi da sunan Tiptronic wajen 1990, a kan 911, motar gudu da nishaɗi. Don iko da mota aka yi shi, ba don talaka ya rage kuɗin mai ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon Malam, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Mu cika tankin Camry ɗinsa har famfo ya tsaya da kansa, mu rubuta maleji, mu je Kaduna mu dawo a D. Mu koma famfon da muka sha, mu sake cikawa, mu raba kilomita da litocin da ta ci. Mako na gaba mu maimaita da hannu, da gudu iri ɗaya, da esi iri ɗaya, da mutanen da suka je na farko. Idan hannu ya yi nasara, ni zan biya man tafiya biyun, in kuma janye wannan raddi a gaban majalisa. Idan D ce ta yi, ba na neman ko kwabo. Abin da nake so kawai ya tara yaran da ya ba fatawa, ya koya musu abin da ya fi kowa iyawa tun zamanin 504, wanda shi ne ya cece masa mai a hanyar Kaduna bai lura ba: sanyin ƙafa.