Ƙorafin Kujera Da Ƙorafin Aji

Ƙofar Dawanau tana tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika, a ɓangaren arewa maso yamma na ganuwar birnin Kano. Sunanta ya nuna inda ta dosa, watau Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa, inda babbar kasuwar hatsin nan take. Unguwannin da ke kewaye da ita cike suke da talakawa masu neman na kansu, waɗanda yawancinsu ba su da ikon kai 'ya'yansu makarantun kuɗi. Saboda haka abin da malamin Gwamnati ya koya wa yaro a wannan yanki, shi ke nan abin da yaron zai samu na boko. In malamin ya ƙi shiga aji, babu mai rama wa yaron abin da ya rasa. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu ce wani abu a kan halin da ofisoshin malamai suke ciki, a can da sauran wuraren da suka yi kama da can.

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin malamai ya san irin zancen da ke cin lokaci. Wane an ba shi darasin farko da safe, ni kuwa an jefa ni bayan tara. Wance tana da kujera mai jingina. Hedimasta ya gaisa da wane bai gaishe ni ba. An raba alli ba a kira ni ba. An sa ni tsaron taron safe sau biyu a wata, alhali kuwa akwai waɗanda na riga zuwa. Daga nan sai maganar adashi, sai ta wanda aka zaɓa ya je bita a ba shi kuɗin zama. Ana cikin haka a buga ƙararrawa, yara su zauna jira, mai darasi yana latsa waya yana cewa bari ya ƙarasa magana.

Kada a ɗauka muna cewa malaman dā ba su ƙorafi. Sun yi, har ma sun fi na yanzu iya shi. Ba nisa da Ƙofar Dawanau, a Gwammaja, akwai gidan Malam Aminu Kano wanda ake kira Mambayya. Shi malamin makaranta ne tun kafin a san shi da siyasa. Ya koyar a Midil ta Bauci, ya tafi karatu Ingila a 1946, da ya komo ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Malaman wancan lokaci suna da kukan albashi da na matsayi da na yadda ake ɗaukarsu a En'e. Amma sai suka tara kukan nan wuri guda, suka rubuta shi, suka kai inda za a saurara, kuma ba su mai da shi dalilin barin allo ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe Midil ta Bauci, Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, Maitama Sule ya koyar a Midil ta Kano. Ba waliyyai ba ne, mutane ne masu son ci gaba kamar kowa. Sai dai a zamaninsu malamin da aka sani da makara ko gudun aji ba ya iya ɗaga kai a unguwa, balle ya nemi shugabanci.

To, me ya sauya? Mu dai ba mu yarda da masu cewa zuciyar mutane ce kawai ta ɓaci ba. Akwai dalilai, kuma ana iya bin sawunsu. Tun daga 1909 da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa, har zuwa bayan samun mulkin kai, makarantun boko a Lardin Kano ba su da yawa, malamai kuma ƙidayayyu ne. En'e ta san kowa da sunansa da na ubansa. Mai duba makarantu yakan sauka ba zato, ya buɗe rajista, ya karanta littafin shirin darasi, ya ɗauki littafin yaro ya ga ko an gyara masa. A 1976 abubuwa biyu suka faru a shekara guda. Aka rushe tsohon tsari aka kafa Ƙananan Hukumomi, aka kuma fara shirin ilmin firamare na bai ɗaya. Yara suka kwararo, aka ɗebi malamai da gaggawa, waɗansu da ɗan horo kaɗan, waɗansu ba ko kaɗan. Niyyar kyakkyawa ce, amma masu duba aiki ba su ƙaru yadda makarantu suka ƙaru ba. Daga baya koyarwa ta zama rumfar da mutum yake fakewa kafin ya sami aikin da yake so, wani kuwa takardar ɗan siyasa ce ta kawo shi. Wanda bai shigo ta hannun hedimasta ba, kuma ya san hedimasta ba shi da ikon fitar da shi, da wuya ya ji tsoron ja masa layi a rajista.

Sa'an nan akwai kuka na gaskiya, wanda ba za mu ɓoye shi ba don jaridar nan ta Gwamnati ce. Malami ɗaya a gaban yara fiye da ɗari, rabi a zaune a ƙasa, ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi, kwanon masara ya tashi. An mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a ƙasa baki ɗaya a 2024, Jihar Kano ta sa nata 71,000, amma magidanci mai iyali ya san iyakar inda kuɗin nan suke kai shi a wata. Ba ma zargin malamin da ya tashi daga makaranta ya nufi Dawanau ya yi dillancin riɗi ko wake don ya cika cefane. Halal yake nema. Wanda muke magana a kansa shi ne mai sa hannu da ƙarfe takwas, ƙarfe goma ya yi yana kasuwa.

Abin da muke so malamai su lura da shi shi ne, ƙananan ƙorafe-ƙorafen nan su ne ke karya ƙarfin manyan. Hedimastan da ya ɓata safiyarsa yana raba gardamar kujera ba shi da sauran ƙarfin rubuta takarda a kan rufin da ya yaye. Jama'a kuma, in sun leƙa ta taga sau uku suka ga aji ba malami, ran da malamai suka fito neman haƙƙinsu ba za su tsaya musu ba. Binciken da Bankin Duniya ya yi a 2013 a makarantun firamare na jihohi huɗu na Nijeriya, har da Bauci da Neja, ya tarar kusan malami ɗaya cikin biyar ba ya cikin aji a lokacin da ya kamata ya kasance. Kano ba ta cikin jihohin, amma kada wannan ya sa mu sakankance. Kowa kuma ya tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda aka yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce fiye da 21,000 sun faɗi, aka sallame su. An yi yajin aiki, an yi zanga-zanga, amma ba a fasa ba. Mu ba mu ga hikimar kora irin wannan ba, don an haɗa masu laifi da waɗanda horo kaɗai suke bukata. Amma gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta.

Ku kuma ma'aikatan ofis, magadan malaman En'e, kada ku ce zancen bai shafe ku ba. Rabin ɓacin ran malami daga teburinku yake tasowa. Fayil ɗin ƙarin girma ya shekara a ƙarƙashin wani fayil, kuɗin hutu sai an yi sintiri, wanda ya yi ritaya ya zo da sanda a ce masa, "Malam, a dawo gobe." Kowace ranar da malami ya kashe a bakin ofishinku, ranar ce da aka cire daga karatun yara, watakila har da naku.

A 2019 Gwamnatin Kano ta ce ilmin firamare da na sakandare kyauta ne kuma tilas. A watan Yuni na 2024 ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Gyaran azuzuwa da sayen kujeru da ɗaukar sababbin malamai nauyinta ne, za mu kuma ci gaba da tuna mata. Amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Shawararmu ita ce kowane hedimasta ya ajiye littafin ƙorafi a ofis. Mai kuka ya rubuta ya sa hannu, a karanta a taron malamai sau ɗaya a wata, bayan an tashi yara. Muna zato da yawa daga cikin maganganun nan masu su za su ji nauyin rubuta su. Waɗanda suka cancanta kuwa, irin na rufi da rijiya da yawan yara, a kai su ga Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma da sa hannun kowa, a kuma sanar da kwamitin iyaye ranar da aka kai. Rajistar zuwa aiki a ja mata layi a kan lokaci, a sake duba ta kafin a tashi. Hedimasta shi zai fara sa hannu, don ba zai yiwu ya ja layin da shi kansa yake ƙarƙashinsa ba.