Mun Hutar Da Shanu, Mu Fa?



Akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu, ta kuwa shafe mu malaman gona kamar yadda ta shafe ku. A cikin zagayen da muke yi ƙauye ƙauye mun lura, da zarar ruwan shuka ya sauka, addu'a ce abu na fari da ake ajiyewa. Addu'ar safe da takan cika majami'a da rani, yanzu sai tsofaffi uku ko huɗu. Maigida ya fita da fartanya tun da duhu, ya komo da almuru a gajiye, ya soma addu'a, barci ya kwashe shi kafin ya kai Amin. Mu ma haka muke. Mukan sauka daga babur, mu buɗe taro da addu'ar minti ɗaya, ido yana kan agogo.

To, bari mu dubi gonarmu. Ba mai hankalin da zai bar shanun huɗa cikin karkiya daga asuba har faɗuwar rana. In rana ta yi zafi mukan kwance su, mu kai su inuwa, mu ba su ruwa. Ƙasa ma mun san halinta. In ana shuka mata dawa kowace shekara, ba taki ba hutu, sai wuta-wuta ta mamaye ta. Shi ya sa muke koyar da a sāke da gyaɗa ko wake, ko a bar ta saura. Ashe mun san hutar da sa, mun san hutar da ƙasa, amma ba mu san hutar da zuciya a gaban Allah ba? Ita ma tana da tata wuta-wutar: saurin fushi a gida, gunaguni, da rigimar rabon taki da biyan bashi wadda ta sha raba ƙungiyoyinmu.

Wani zai ce, "Malam, ciyawa ba ta jira." Gaskiya ne, ba kuwa ƙyuya muke koyarwa ba. Amma ku buɗe Fitowa 34:21. Da Allah ya ba Isra'ilawa umarnin hutun rana ta bakwai, ya ambaci lokacin noma da lokacin girbi da suna, domin ya san a nan ne za a nemi hujja. A Markus 1:35, bayan Yesu ya yi ta warkar da marasa lafiya har dare, ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe kansa don addu'a, mutane na nemansa. Wane ne cikinmu ya fi shi aiki?

Ga shawara uku ga kowace ƙungiya.

Na ɗaya, kafin a taɓa fartanya, iyali su zauna ko da minti 15 ne. A karanta aya kaɗan, a yi shiru a yi tunani a kanta, sa'an nan a yi addu'a. Addu'a ba jera wa Allah bukatu kaɗai ba ce, akwai saurare a ciki.

Na biyu, kada ƙungiya ta sa gayya, ko rabon taki, ko taron lissafin kuɗi ranar Lahadi. Dattawan ikkilisiya su ma su rage yawan tarurruka da damina. Mutum yana iya zuwa kwamiti uku cikin mako ɗaya, bai yi magana da Ubangijinsa ko sau ɗaya ba.

Na uku, mu tuna da matanmu. Sau da yawa mukan yi musu wa'azin Marta da Maryamu daga Luka 10, alhali mace ce ke ɗebo ruwa, ta yi daka, ta kai abinci gona, ta kuma yi noma tare da mu. Yaushe za ta zauna? In muna so ta sami lokacin addu'a, sai mu da samarin gida mu ɗauke mata ruwa da itace.

Minti 15 ba zai rage dami ko ɗaya a rumbu ba. Mu ne muke shuka, amma ba mu ke tsirar da iri ba, ba mu ke aiko da ruwa ba. Mu gwada wannan daga yanzu har kaka, mu kuma tattauna abin da muka gani a taron ƙungiya bayan girbi. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka.